Tasirin Rubutu a Kan Nazarin Harshe da Ma'aunin Hankali



Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibi wasula nawa ne a harshen Hausa, da wuya ya yi jinkiri kafin ya ce biyar. In aka nemi hujja, sai ya jero a, e, i, o, u, kamar yadda aka koya masa tun yana aji ɗaya. Wannan amsa kuwa daga allon makaranta ta fito. Bakin Bahaushe yana furta gajerun wasula biyar da dogaye biyar, ga kuma masu aure guda biyu, watau ai da au, goma sha biyu ke nan. Ɗalibin ya ƙidaya abin da idonsa ya gani a takarda, ya ɗauka shi ne abin da kunnensa yake ji.

Wannan ɗan kuskure shi ne ƙofar shiga batun wannan lacca. Ba ɗalibai kaɗai suke afka masa ba, manyan masana na ƙasashe da zamunna dabam-dabam sun sha yin irinsa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowane irin rubutu yana zaɓen wasu abubuwa daga cikin magana ya fito da su fili, ya bar wasu a duhu. Abin da ya fito da shi, shi masana suke fara gani su gina ilmi a kansa. Abin da ya bari kuwa, sai a daɗe ba a lura da shi ba. Haka kuma lamarin yake game da hankali: wanda ya tashi cikin takarda yakan ɗauki al'adun takarda ya mai da su mudun awon hankalin ɗan Adam, sa'an nan ya auna wanda bai yi karatu ba, ya ce ya gaza. Za a fara da harshe, daga baya a koma kan hankali.

Baƙi da wasali

A fara da kalmomin da masu nazari suke aiki da su kullum. A Hausa, sautin da iska take gamuwa da cikas wajen furta shi ana kiransa baƙi. To, me ya haɗa sauti da launi? Sauti ba shi da launi, tawada ce mai launi. Sunan daga makarantar allo ya fito, inda yaro yake fara babbaƙu, watau haruffa tsirara ba wasali, kafin ya shiga farfaru. A Alƙur'anan da alarammomi suke rubutawa da hannu a ƙasar Hausa da Barno, jikin harafi da baƙar tawada ake yin sa, wasula kuwa da ja. Sunayen da ake koya wa yara ma, irin su lam jaye da alu ja, siffar harafi da launinsa suke bayyanawa. Kalmomin harafi da kalma da jimla da nahawu kuwa duk daga littattafan Larabci suka shigo. Ashe ke nan tun kafin mai nazari ya buɗe baki, kayan aikinsa sun riga sun karkata shi wajen alƙalami.

Ba Hausawa kaɗai ba ne. Kalmar da Turawa suke kiran nahawu da ita ta samo asali daga kalmar Girkanci mai ma'anar harafi, watau nahawu a wurin Girkawa shi ne sanin haruffa. Tsohon littafin nahawun Girkanci da ake dangantawa da Diyonisiyus Taraks ya bayyana wannan ilmi da cewa sanin yadda mawaƙa da marubuta suke sarrafa harshe ne, ya lissafa haruffa 24, ya kasa kalmomi kashi takwas. Wannan kaso ya bi ta Latin ya shiga nahawun harsunan Turai, daga can Turawan mishan da na mulki suka ɗauko shi suka ɗora wa harsunan Afirka. Har a shekarar 1822, sa'ad da Bajamushen nan Jacob Grimm ya bayyana ƙa'idar sauyawar sautuka a harsunan Jamusawa, babin da ya yi wannan bayani a cikinsa babin haruffa ya kira shi.

A farkon ƙarni na 20 aka yi wa wannan al'ada bore. Darussan Ferdinand de Saussure, waɗanda ɗalibansa da abokan aikinsa suka tattara aka buga a 1916, sun yi kashedi a kan yadda harafi yake danne sauti a zukatan masana. Leonard Bloomfield na Amurka ya ƙara jaddadawa a 1933 cewa magana ita ce harshe, rubutu hanyar adana ta ne kawai. Amma faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. A 1982 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Per Linell, ya nuna cewa ko bayan wannan shela, abin da masu ilmin harshe suka ci gaba da fiɗa shi ne jimloli tsararru, masu farko da ƙarshe, irin waɗanda ake samu a littafi, ba irin maganar da mutane suke yi a kasuwa ko a zaure ba.

Abin da rubutu ya nuna da abin da ya ɓoye

Domin a ga yadda wannan zaɓe yake aiki, ya kamata a dubi nahawun Larabci, wanda malaman ƙasar nan suka gada ta hanyar Ajrumiyya da Alfiyyar Ibn Malik, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi nasa wallafe-wallafen a nahawu da sarfu. Rubutun Larabci baƙaƙe yake ɗorawa a kan layi, gajerun wasula kuwa alamomi ne da ake sawa sama ko ƙasa, ana ma iya barin su. Malaman Basra na ƙarni na 8, Halilu bin Ahmad da almajirinsa Sibawaihi, a kan wannan tsari suka gina bayaninsu: akwai harafi, akwai motsin da yake hawa kansa, harafi kuma ko dai mai motsi ne ko mai ɗauri. Da Halilu ya zo tsara ilmin aruli, bai yi aiki da gaɓa ba, sai ya ƙidaya haruffa masu motsi da masu ɗauri. Tun da yake dogon wasali a rubutun Larabci gajeren wasali ne da harafi mai ɗauri a bayansa, sai gaɓa mai dogon wasali da gaɓa mai ƙarewa da baƙi suka zama nauyinsu ɗaya. A nan rubutu ya yi jagora zuwa ga gaskiya, domin kuwa haka abin yake a Larabci, haka kuma yake a Hausa, shi ya sa karuruwan aruli suka zauna daram a rubutattun waƙoƙin Hausa.

Sibawaihi bai makance da rubutu ba. Bayan ya lissafa haruffan asali 29, ya ƙara wasu sautuka da ake ji a bakin Larabawa alhali ba su da siffa a rubuce, ya ce ba a gane su sai ta hanyar ji daga baki. Duk da haka su ma haruffa ya kira su, saboda ba shi da wani suna da zai ba su.

Hausa tana da wata fa'ida da ba kowane harshe yake da ita ba a wannan bincike, watau rubutu iri biyu, ajami da boko, kowanne da abin da ya kama da abin da ya saki. Ajami yana nuna tsawon wasali. Boko ba ya nunawa. A dubi waɗannan jam'i: wuri, wurare, damo, damame, amma kifi, kifaye, zomo, zomaye. Wanda ya dogara da boko zai ga kalmomi huɗu masu siffa ɗaya, baƙi da wasali, baƙi da wasali, ya rasa dalilin da ya sa biyu suka maimaita baƙinsu na ƙarshe, biyu kuma suka ɗauki ye. Sai ya ce Hausa ba ta da ƙa'ida a nan, haddacewa ake yi. Ƙa'ida kuwa tana nan: wasalin farko na wuri da damo gajere ne, na kifi da zomo dogo ne. Mai rubutun ajami yana ganin bambancin da idonsa. Paul Newman ya yi bayanin wannan al'amari na nauyin gaɓa a wata maƙala a 1972, kuma Hausa tana cikin manyan hujjojinsa.

Akwai kuma abin da rubutun biyu duka suka saki, shi ne karin sauti, watau hawa da saukar murya. Kuka na mai hawaye da kuka ta miya ba abin da ya raba su sai karin sauti. Littattafan farko da Turawa suka rubuta a kan Hausa, irin na J. F. Schön, wanda ya buga nahawunsa a 1862, ba su tsara wannan bambanci ba, domin rubutun da marubutan suka saba da shi ba shi da gurbinsa. Sai a ƙarni na 20 aka mai da hankali a kansa sosai, har ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 ya nuna tsawon wasali da karin sautin kalmomi. Da aka fara rubuta abin, sai aka fara ganin tsarinsa. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti, ya nuna dangantakar da take tsakanin saya da saye da sayar da sayo da sayu. Wannan tsari yana bakin kowane Bahaushe tun kafin a haifi Parsons, amma bai shiga littafi ba sai da aka sami alamar da za a ɗora a kan wasali.

Lamarin bai tsaya ga masana ba. A ɗauka magatakardan kotu ya rubuta cewa shaida ya ce, “ya biya.” In muryar shaidan ta tsaya a sama kuma wasalin ya yi tsawo, yana nufin an riga an biya. In wasalin gajere ne muryar kuma ta sauka, umurni yake bayarwa a biya. In muryar ta faro daga sama ta gangaro, cewa yake yi mai yiwuwa ne a biya nan gaba. Duk wanda yake zauren ya ji wanda ake nufi. Wanda zai karanta fayil bayan shekara biyu kuwa, haruffa shida kawai zai gani.

Ina kalma ta tsaya?

Mai karatu yakan ɗauka cewa magana jerin kalmomi ce, kowace a ware, kamar yadda suke a shafi. Amma wanda ya saurari harshen da bai sani ba ya san cewa babu wani fili tsakanin kalma da kalma a cikin furuci. Filin nan ƙirƙira ce ta marubuta. Girkawa da Rumawa sun daɗe suna rubutu a haɗe ba rabewa, sai wajen ƙarni na 7 da na 8 marubutan gidajen ibada na ƙasar Ailan suka yawaita raba kalmomin Latin, domin harshen baƙo ne gare su. A Hausa ma sai da aka zauna aka yanke shawara, a Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da tarurrukan da suka biyo baya. Shi ya sa ake haɗa zai da yana da yakan, ake raba za su da shi ne. Ɗalibin da aka tambaya kalmomi nawa ne a cikin jimla, abin da yake ƙidayawa a zahiri shi ne hukuncin waɗannan kwamitoci.

Haka kuma batun sauti ɗaya-ɗaya. A 1979 José Morais da abokan aikinsa sun gwada manyan mutane a karkarar Fotugal, wasu ba su taɓa koyon karatu ba, wasu sun koya da girmansu. Aikin shi ne a cire sautin farko na kalma, ko a ƙara mata wani. Waɗanda suka koyi karatu sun iya, waɗanda ba su koya ba akasarinsu sun kasa. A 1986 Charles Read da wasu masana na ƙasar Sin suka maimaita gwajin, suka tarar cewa Sinawan da suka ƙware a rubutunsu na gargajiya, amma ba su koyi rubuta Sinanci da haruffan boko ba, su ma aikin ya ba su wuya. Ashe ba karatu ne kawai yake sa mutum ya ji kalma a matsayin jerin baƙi da wasali ba, karatun abacada ne. Wannan bai nuna cewa marar karatu ba ya iya fiɗar magana ba. Yaran da suke yin zaurance suna yanka kalma gaɓa-gaɓa, su cusa wata gaɓa a tsakani ko su juya ta, cikin saurin da yake rikita malami. Gaɓa kunne yana kama ta da kansa. Baƙi guda shi kaɗai kuwa, sai alƙalami ya nuna shi.

Akwai kuma kayan magana da nahawun littafi ya daɗe yana yi wa riƙon sakainar kashi, saboda sun fi yawa a baka. Kalmomi irin su dai, fa, kam, kuwa, ma, su ne suke nuna matsayin mai magana game da abin da yake faɗa. Amsa-kama irin su fat da wur da ƙirin su ne gishirin labari. Kason nan takwas na Girkawa ba shi da ɗakin da ya dace da su, don haka aka riƙa tura su gefe.

Rubutu da hankali

In rubutu yana da irin wannan tasiri a kan yadda ake ganin harshe, shin yana sauya yadda mutum yake tunani? Tambayar tsohuwa ce. Aflatun, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa a bakin malaminsa Sokratis labarin wani sarkin Masar da aka kawo wa fasahar rubutu, sarkin ya ƙi yabawa, ya ce za ta kashe hadda, ta sa mutane su yi kama da masana alhali ba su san kome ba. Ya ƙara da cewa rubutu ba ya amsa tambaya, abin da ya faɗa shi zai yi ta maimaitawa. Abin lura shi ne, da Aflatun bai rubuta wannan suka ba, da ba a san ta ba.

A 1963 aka juya maganar. A wannan shekara Eric Havelock ya fitar da littafi a kan Aflatun, Jack Goody da Ian Watt kuma suka buga wata maƙala a kan sakamakon iya rubutu. Ra'ayinsu shi ne, abacadar Girkawa tana da babban rabo wajen haifar da tarihi da manɗiƙi. Goody ya yi bincike a arewacin Gana, kuma ɗaya daga cikin misalansu daga Gwanja ya fito, ƙasar da fataken Hausawa suka sani tun zamanin fataucin goro. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulki sun rubuta cewa Jakpa, wanda ya kafa daular, yana da 'ya'ya bakwai, daidai da yankunan ƙasar bakwai. Bayan kimanin shekara sittin, yankuna biyu sun shuɗe, da aka sake ɗaukar labarin sai aka ji 'ya'yan Jakpa biyar ne. Labarin baka yana gyara kansa ya dace da zamani, ba wanda ya yi ƙarya, ba kuma wanda ya ga saɓani. Amma in an rubuta, sai tsohon zance ya zauna kusa da sabo, saɓanin ya fito, a tilasta wa mai karatu ya tambaya wanne ne gaskiya. Daga nan, in ji su, bincike da suka suke tasowa. Daga baya Goody ya ƙara da cewa jeri da jadawali da shafi mai gida-gida kayan tunani ne da baki ba ya iya samarwa.

Masu wannan ra'ayi sun sami abin da suka ɗauka hujja ce a aikin Alexander Luria, masanin halayyar ɗan Adam na Tarayyar Sobiyat, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Uzbekistan da Kirgiziya a 1931 da 1932, ko da yake littafin bai fito ba sai 1974. Luria yakan ba manomi ƙiyasi irin na manɗiƙi: a can arewa mai nisa, inda ƙanƙara take, duk dabbar nan beyar fara ce, wuri kaza yana can arewa mai nisa, to, wane launi ne beyar ɗin wurin? Da yawa daga cikin waɗanda ba su yi makaranta ba sukan ƙi amsawa, su ce ba su taɓa zuwa can ba, a tambayi wanda ya je. In kuma aka nuna musu guduma da zarto da gatari da gungume, aka ce su fitar da wanda bai dace ba, sukan ƙi fitar da gungumen, domin in babu itace kayan aikin ba su da amfani. Masu karatu kaɗan kuwa sukan amsa yadda ake so. Aka fassara wannan da cewa marar karatu ba ya iya tunanin da ya wuce abin da ya gani da idonsa.

Abin da Laberiya ta koyar

Wannan fassara tana da rauni guda: waɗanda suka iya karatu a binciken Luria sun kuma shiga makaranta ko sabon tsarin gonakin haɗin gwiwa, saboda haka ba a san wanne ne ya yi aikin ba. Ana bukatar wurin da rubutu da makaranta suka rabu. An same shi a Laberiya, a wurin kabilar Vai. Mutanen Vai suna da rubutunsu na kansu mai alamomi kimanin 200, kowace alama gaɓa guda, wanda Momolu Duwalu Bukele ya ƙirƙira wajen 1833, kuma a gida ake koyonsa, daga aboki ko ɗan'uwa. Wasunsu suna da karatun allo na Larabci, wasu kuma Turancin makarantar boko, wasu ba su da ko ɗaya. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi shekaru suna gwada waɗannan rukunoni, suka buga sakamakon a 1981.

Abin da suka samu ya rushe zancen cewa rubutu shi kaɗai yana sauya hankali gaba ɗaya. Masu rubutun Vai da masu karatun allo ba su fi marasa karatu iya warware ƙiyasin manɗiƙi ba. Waɗanda suka yi fice a nan 'yan makarantar boko ne, musamman wajen bayyana dalilin amsarsu. Amma kowane irin karatu ya bar tasa alama. Masu karatun allo sun fi iya riƙe jerin kalmomi in ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake ƙarin allo. Masu rubutun Vai sun fi iya haɗa gaɓoɓin da aka furta a rarrabe su gane jimla. Watau mutum yana ƙwarewa ne a abin da yake yi da rubutun. Brian Street, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Iran, ya kai ga irin wannan matsayi a 1984.

Sa'an nan aka koma kan manomin Luria. A wani bincike da aka buga a 2005, Maria Dias da Antonio Roazzi da Paul Harris sun ba manya marasa makaranta a Barazil irin wannan ƙiyasi, amma suka fara ce musu su ɗauka ana zancen wata duniya ce dabam. Da aka yi haka sai amsoshinsu na daidai suka ƙaru ƙwarai. Ashe manomin ba kasawa ya yi ba. Ya ƙi ba da shaida ne a kan abin da bai gani ba, a gaban baƙon da bai san nufinsa ba. In aka duba da kyau, ƙin nasa ma ƙiyasi ne: wanda bai gani ba ba ya shaida, ni ban gani ba, saboda haka ba zan yi shaida ba. Bahaushe ma cewa ya yi gani ya kori ji. Abin da makaranta take koyarwa shi ne wata al'ada ta musamman, ta karɓar zance yadda aka ba da shi, a ajiye sanin duniya gefe, a bi lafazi kawai.

Tarihin Indiya ya ƙara wata hujja. Nahawun Sanskirit na Panini, mai ƙa'idoji kusan 4,000, wanda masana na zamani suke jinjina wa har yanzu, an tsara shi ne domin hadda, kuma da baki aka riƙa gadonsa. Tun kafin Panini, masu haddar littattafan Beda suna da hanyar karatu ta rarrabe kalma-kalma domin tsare nassi, sun kuma jera sautuka bisa mafurtarsu, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa. Abin da ake bukata domin nazari shi ne a tsayar da magana wuri ɗaya a yi ta dubanta. Rubutu ya fi kowace hanya sauƙaƙa wannan, amma horarriyar hadda ma tana yi.

Ba a ce rubutu ba ya barin gurbi ba. A 2010 Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya a Barazil da Fotugal, suka nuna cewa koyon karatu, ko da girma aka yi shi, yana sa wani sashe na ɓangaren hagu ya ƙware wajen gane haruffa, yana kuma ƙarfafa haɗin gani da jin magana. Wannan sauyi ne na haƙiƙa, amma irin wanda sana'a take yi wa mai ita ne. Bai raba 'yan Adam gida biyu, masu hankali da marasa shi ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, abubuwa uku suka fito. Na farko ya shafi ɗalibin harshe. Kafin ya yanke hukunci a kan wata ƙa'ida, ya rufe littafi ya saurara, ya tambayi kansa ko abin da yake bayyanawa na harshe ne ko na rubutu. Wanda ya san ajami da boko duka yana da tagogi biyu, ya fi mai taga ɗaya ganin ɗaki.

Na biyu ya shafi ma'aikaci. Takarda ba ta ɗaukar duk abin da aka faɗa. Mai rubuta bayanin shaida, ko ƙorafin manomi, ko jawabin dagaci, ya san cewa murya da waɗannan ƙananan kalmomi suna ɗauke da rabin ma'ana, ya sake tambaya inda lafazi yake da fuska biyu kafin ya sa a dangwala yatsa.

Na uku ya shafi kowa. Gangamin koyar da manya da aka yi a Jihar Arewa a shekarun 1950 ya yi aiki mai amfani, amma sunan da aka ba shi, Yaƙi da Jahilci, ya bar wani tabo, domin ya sa rashin boko da jahilci sun zama abu ɗaya a bakin mutane, har malamin da yake rubuta wasiƙa da ajami, yake karanta fiƙihu da Larabci, ya wayi gari cikin lissafin jahilai. Tsohuwar da take riƙe da bashin mutum talatin a kanta, da dattijon da yake raba gardamar gona ta hanyar jera hujjoji da karin magana, ba hankali suka rasa ba, wani kayan aiki ne bai zo hannunsu ba. A ba su shi, domin hakkinsu ne, kuma zai ƙara musu ƙarfi wajen adana zance da kwatanta shi da bin diddiginsa. Amma mai bayarwa ya tuna cewa shi ma alƙalamin nan ya ɓoye masa wasu abubuwa, har ya sa ya ƙidaya wasula biyar a inda bakinsa yake furta goma sha biyu.